Idan gicciye ya gama aiki, me tashin Yesu daga matattu ya ƙara?

Tambaya: Ni malamin makarantar Lahadi ne, ajin matasa nake koyarwa. Wani yaro ya tambaye ni cewa tunda Yesu ya ce "an gama" a kan gicciye, kuma jininsa ne ke wanke zunubi, da bai tashi ba me za mu rasa? Na ba shi amsa, amma ni kaina ba ta gamsar da ni ba. Mece ce ainihin ma'anar tashin nan ga Kirista a yau, kuma yaya zan koyar da shi?

Amsa: Malam, yaron nan ya taɓo wurin da ya kamata, kuma ba shi ya fara taɓowa ba. Manzo Bulus ya amsa kusan irin wannan tambaya a 1 Korintiyawa sura 15, kuma bai yi kwana-kwana ba. Daga aya 14 zuwa 19 ya jera abin da zai rushe in Almasihu bai tashi ba: wa'azin manzanni banza ne, bangaskiyar masu bi banza ce, manzannin sun zama shaidun zur a kan Allah, waɗanda suka mutu cikin Almasihu sun hallaka, masu bi kuma sun fi kowa zama abin tausayi. Wadda ta fi shafar tambayar ɗalibinka ita ce aya 17, inda ya ce in Almasihu bai tashi ba, har yanzu kuna cikin zunubanku. Mutumin da ya fi kowa wa'azin gicciye ke nan yake cewa gicciye ba tare da tashi ba bai raba kowa da zunubi ba.

Ka san wa yake wa magana. Bulus ya zauna a Korinti shekara ɗaya da rabi wajen 50 zuwa 52, ya rubuta musu wasiƙar daga Afisa wajen 54 ko 55. Mutanen ba su fito fili sun ce Yesu bai tashi ba. Abin da wasunsu ke faɗi shi ne babu tashin matattu ga sauran mutane (aya 12). Helenawa ne, sun taso da ra'ayin cewa jiki kurkuku ne, mutuwa kuma ita ke sakin kurwa ta huta. Haka ya faru a Atina: an saurari Bulus lafiya lau har sai da ya ambaci tashin matattu, nan take wasu suka shiga yi masa ba'a (Ayyukan Manzanni 17:32). Na tsaya a kan wannan ne saboda ra'ayin Korintiyawan yana nan daram a majami'unmu, sai dai ya sa rigar ibada.

Kafin komai, ka gyara wa ajinka ma'anar kalmar, domin abu uku ake rikita ta da su. Akwai farfaɗowa. Li'azaru, da 'yar Yayirus, da ɗan gwauruwar Nayin, duk an dawo da su ne cikin irin ran da suka bari, suka ci gaba da tsufa, suka sake mutuwa. Yohanna ya nuna bambancin da ɗan ƙaramin abu: Li'azaru ya fito a naɗe da likkafaninsa har sai da aka kwance shi (11:44), amma a kabarin Yesu an tarar da likkafanin a ajiye, mayafin kai kuma a naɗe a gefe guda (20:6-7). Romawa 6:9 ta ce Almasihu ba zai ƙara mutuwa ba. Akwai kuma fatalwa. Almajiran da kansu abin da suka fara zato ke nan, shi ya sa a Luka 24:37-43 ya ce su taɓa shi, fatalwa ba ta da nama da ƙashi, ya kuma karɓi gasasshen kifi ya ci a gabansu. Na ukun shi ya fi yawa a bakin masu wa'azi, wato a ce tashi yana nufin ruhunsa ya tafi sama, ko koyarwarsa ta rayu a zukatan almajiransa. Bayahuden wancan zamani yana da kalmomin da zai faɗi haka in haka yake nufi. In ya ce tashi, jiki yake nufi, gawar da aka kwantar ta miƙe. A kan haka Farisiyawa da Sadukiyawa suka rabu (Ayyukan Manzanni 23:8).

Amma ko Farisiyawan da suka yarda da tashin matattu, a ƙarshen duniya suke sa ransa, kowa da kowa a lokaci ɗaya, kamar yadda Daniyel 12:2 ta faɗa. Marta ma haka ta gaya wa Yesu, cewa ta san ɗan'uwanta Li'azaru zai tashi a ranar ƙarshe. Babu wanda ke jiran mutum ɗaya ya tashi a tsakiyar zamani alhali duniya na ci gaba da harkarta, Bilatus na kan kujerarsa, ana ci gaba da binne mutane. Baƙon abin da Kiristocin farko suka zo da shi ke nan.

To, me ya ƙara a kan gicciye? Ka sa ajinka su tsaya a ranar Asabar ɗin, su manta da Lahadi. Majalisar Yahudawa ta ce ya yi saɓo, gwamnan Roma ya kashe shi a matsayin mai neman sarauta, Attaura kuma ta ce wanda aka rataye a kan itace la'ananne ne (Kubawar Shari'a 21:23). Duk wanda ya dubi gicciyen a ranar, abin da zai karanta shi ne Allah ya yi watsi da mutumin nan. Mutum biyun da ke kan hanyar Imuwasu sun faɗi abin da ke ran kowa: dā muna sa zuciya shi ne zai fanshi Isra'ila. Dā ɗin nan ita ce maganar. Ba shi kaɗai ya taɓa tara jama'a a ƙasar ba. Gamaliyel, malamin Attaura a majalisar Yahudawa, ya ambaci Tudas da Yahuza Bagalile, an kashe su, mabiyansu sun watse (Ayyukan Manzanni 5:36-37). Daga baya wani Bayahude mai suna Bar Kokba ya jagoranci tawaye a kan Roma daga 132 zuwa 135, da aka kashe shi maganar ta mutu tare da shi. Ƙa'idar ita ce, in Roma ta kashe almasihunka, ko ka nemi wani ko ka koma gida.

Saboda haka tashin shi ne hukuncin Allah a kan hukuncin mutane, kamar babbar kotu ta soke abin da ƙananan kotuna biyu suka yanke. Haka Bitrus ya yi wa'azi ranar Fentikos: ku kun gicciye shi, Allah ya tashe shi, ya mai da shi Ubangiji da Almasihu (Ayyukan Manzanni 2:23-36). La'anar da ya ɗauka ba tasa ba ce, tashin ne ya tabbatar da haka, daga nan Bulus ya iya cewa ya zama la'ana ne saboda mu (Galatiyawa 3:13). Romawa 4:25 ta haɗa su a jimla ɗaya: an ba da shi saboda laifofinmu, an tashe shi domin a baratar da mu, wato a ƙidaya mu marasa laifi. In hakkin zunubi mutuwa ne, kuma mutuwa na riƙe da shi har yanzu, to ba a gama biya ba ke nan. Ba a sakin wanda ya tsaya wa wani sai bashin ya fita.

Masu wa'azi na son cewa gicciye biya ne, tashi kuma rasit. Misalin yana da amfani, amma kada ka tsaya a kansa, domin rasit takarda ce da ake jefawa a aljihu. Sabon Alkawari ya ɗora ceto a kan mutum mai rai. Ibraniyawa 7:25 ta ce yana iya ceto har matuƙa domin kullum a raye yake yana roƙo dominsu. Wanda ya zubo Ruhu Mai Tsarki ranar Fentikos shi ne wanda aka tashe aka ɗaukaka. Addu'a cikin sunan Yesu, da Jibin Ubangiji da ake ci har ya dawo, da zancen zama cikin Almasihu, babu wanda zai tsaya in yana kabari. "An gama" na nufin hadayar ta cika, ba sauran abin da za a ƙara mata. Ba ta nufin labarin ya ƙare ranar Juma'a.

Abu na gaba shi ne kalmar da Bulus ya zaɓa a 1 Korintiyawa 15:20, nunan fari. A Littafin Firistoci 23:10-11 an umarci Isra'ilawa su kawo damin farko na girbi, firist ya kaɗa shi a gaban Ubangiji kashegarin Asabar, a lokacin Idin Ƙetarewa da sha'ir ke fara nuna. Ɗan manomi ba ya bukatar dogon bayani a nan. In aka karyo gero aka gasa tumu, rumbu bai cika ba tukuna, amma gardamar ko za a yi girbi ta ƙare, domin tumun daga gonar ya fito, irinsu ɗaya da sauran da ke tsaye. Haka Bulus ya ɗauki tashin Yesu da na masu bi: girbi ɗaya ne da aka fara, kowa da lokacinsa, Almasihu tukuna, sa'an nan nasa a ranar zuwansa (aya 23).

Matasa za su tambaye ka da wane irin jiki, kamar yadda aka tambayi Bulus a aya 35. Da shuka ya amsa, ƙwayar da ka zuba ba ita ce siffar da za ta tsiro ba, amma kowane iri da nasa jikin. Hausa ta sauƙaƙa maka aiki, domin manomin da ya zuba iri a busasshiyar ƙasa kafin ruwa ya sauka, binne muke cewa ya yi, kalmar da muke faɗi a maƙabarta. Ista ma a bazara take faɗowa, lokacin sharar gona. Ka kai musu ƙwayar dawa da zangarniya su riƙe a hannu. Abu biyu za su gani tare: dawa ba ta tsiro gero, ga shi kuma zangarniya ba ta yi kama da ƙwayar ba. Haka labaran Bishara suka nuna jikin Yesu. Tabon ƙusa na nan har Toma ya gani, gani ya kori ji. Amma ya shigo ɗaki ƙofofi na kulle, Maryamu Magadaliya kuma ta zaci mai lambu ne sai da ya kira sunanta.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne aya 44, jiki na ruhu. Da yawa na karanta ta kamar an ce jikin da aka yi da iska. Kalmar Helenancin tana magana ne a kan abin da ke tafiyar da jikin. In ka ce janareto na dizal, ba ka nufin da dizal aka ƙera shi. Jikin yanzu numfashi da jini ke riƙe da shi, suna kuma ƙarewa, na tashi kuwa Ruhun Allah ne zai riƙe shi, kamar yadda Romawa 8:11 ta ce Ruhun da ya ta da Yesu zai rayar da jikunanku masu mutuwa. Haka nan aya 50, nama da jini ba za su gaji mulkin Allah ba, salon magana ne na Yahudawa da ke nufin ɗan Adam cikin rauninsa. Aya 53 ta warware shi: mai ruɓar nan zai yafa marar ruɓa, yafawa ce a kan wanda yake akwai.

Yanzu zancen hujja, domin yaron da ya yi wannan tambaya gobe zai ce ta yaya muka sani. Abin da ya fi ƙarfi a hannunka shi ne aya 3 zuwa 8 na surar nan. Bulus ya ce ya miƙa musu abin da shi ma ya karɓa, kalmomin da malaman Yahudawa ke amfani da su wajen karatun da ake ɗauka daga bakin malami: Almasihu ya mutu, an binne shi, an tashe shi a rana ta uku, ya bayyana ga Kefas (wato Bitrus), ga sha biyun, ga 'yan'uwa fiye da 500 a lokaci ɗaya waɗanda yawancinsu ke da rai sa'ad da yake rubutu, ga Yakubu, ga dukan manzanni, daga ƙarshe ga shi kansa. An gicciye Yesu a shekara ta 30 ko 33, zamanin Bilatus da ya yi mulkin Yahudiya daga 26 zuwa 36, kuma Tasitus, marubucin Roma da ba ya ƙaunar Kirista, ya tabbatar da kisan. Bulus ya ce shekara uku bayan tubarsa ya je Urushalima ya yi kwana 15 tare da Kefas, ya kuma ga Yakubu (Galatiyawa 1:18-19), mutum biyun da sunansu ke cikin jerin. Shi ya sa har masanan da ba su gaskata da tashin ba, yawancinsu sun yarda cewa wannan shaida ta samo asali ne cikin 'yan shekarun farko.

Sai mata. Bisharu huɗun duk sun ce mata ne suka fara zuwa kabarin, alhali Yosifus, marubucin tarihin Yahudawa na ƙarni na farko, ya rubuta cewa ba a karɓar shaidar mata. Wajen shekara ta 180 wani Bahelene mai suna Selsus ya yi wa Kirista gori da wannan, cewa mace mai ruɗewa ce tushen labarinsu. Mai ƙirƙirar labari don a yarda da shi ba zai fara da shaidun da kotu za ta kora ba. Ga kuma Yakubu ɗan'uwan Yesu, wanda Yohanna 7:5 ta sa shi cikin waɗanda ba su gaskata ba, ya zama shugaban ikilisiyar Urushalima, aka jejjefe shi a shekara ta 62 kamar yadda Yosifus ya ruwaito. In an ce maka Romawa ba sa bari a binne wanda aka gicciye, ka san cewa a 1968 an tono ƙasusuwan wani mutum mai suna Yehohanan a wani kabarin iyali a arewacin Urushalima, ƙusa na nan soke a ƙashin diddigensa.

Amma kada ka faɗi abin da ya wuce hujjarka, domin ranar da yaro ya gano ƙari ɗaya, zai zargi sauran duka. Ana yawan cewa dukan manzanni an kashe su saboda wannan shaida. Wanda Sabon Alkawari ya ba da labarin kisansa cikin sha biyun saboda bangaskiya shi ne Yakubu ɗan Zabadi (Ayyukan Manzanni 12:2). Na Bitrus da Bulus yana da tsohuwar shaida mai ƙarfi, na sauran kuwa labarai ne da suka zo daga baya. Ko da an kashe su ma, abin da hakan ke nunawa shi ne ba ƙarya suka shirya ba, sun gaskata abin da suka ce sun gani. Ka bar zancen likkafanin da ke Turin a Italiya, gwajin da aka yi masa a 1988 ya sa shi tsakanin 1260 da 1390, ana ta gardama a kai, bangaskiya kuma ba ta rataya a kansa ba. Tarihi na iya nuna maka cewa an kashe shi, an binne shi, mutane da yawa sun hakikance sun gan shi da rai har rayuwarsu ta juya. Cewa Allah ne ya tashe shi, nan mutum ke yanke shawara, kuma wanda ya riga ya ƙudurta cewa Allah ba ya yin irin wannan, babu tulin hujjar da zai motsa shi.

Lissafin kwana uku yana damun matasa, sai su ce daga yammacin Juma'a zuwa asubahin Lahadi bai kai awa 72 ba. Bayahude yana fara ranarsa ne daga faɗuwar rana, kuma ɓangaren yini yini ne a lissafinsa. Mu ma haka muke yi ba mu lura ba: daren Juma'a a Hausa shi ne daren da ya biyo bayan yinin Alhamis. Juma'a kafin rana ta faɗi ɗaya, Asabar biyu, daga faɗuwar ranar Asabar an shiga ta uku. Esta ta ce a yi azumi kwana uku dare da rana, sai ga shi a rana ta ukun ta shiga wurin sarki (Esta 4:16 da 5:1). Da wannan za ka fahimci yini uku da dare uku na Matiyu 12:40. Ita kuma ranar Ista tana yawo ne domin wata take bi: Lahadin farko bayan cikar watan da ta faɗo ranar 21 ga Maris ko bayanta, don haka ba ta fita daga 22 ga Maris zuwa 25 ga Afrilu. Kibɗawan Masar da Sudan da Kiristocin Habasha suna bin tsohuwar kalanda, tasu takan zo daga baya.

Ɗalibanka suna zaune da maƙwabta da abokai Musulmi, wasu ma dangi, don haka su san inda aka haɗu da inda aka rabu. Musulmi ya yarda da tashin ƙiyama da jiki da kuma hisabi, a nan ya fi mutanen Atina kusa da Bulus nesa ba kusa ba. Rabuwar tana Suratun Nisa'i aya 157 da 158, inda aka ce ba su kashe Annabi Isa ba, ba su gicciye shi ba, an kamanta musu ne, Allah ya ɗauke shi zuwa gare shi. Ke nan saɓanin daga ranar Juma'a ya faro, kuma jayayya a kan kabarin da babu kowa ciki ba ta da amfani ga wanda bai yarda an shiga kabarin ba. Ka koya musu su faɗi abin da suka gaskata a fili, kada su ce ai duk ɗaya ne, domin ba ɗaya ba ne, kuma Musulmin da ya san addininsa ba zai ji daɗin a ce masa haka ba. Su yi shi da ladabi, yadda 1 Bitrus 3:15-16 ta ce, ban da gori.

Inda za a gane ko ikilisiya ta fahimci tashin matattu shi ne wurin jana'iza. Saurari wa'azin da ake yi: ya tafi gida, ya huta, yana tare da Ubangiji. Gaskiya ne, Filibiyawa 1:23 da maganar Yesu ga ɓarawon da ke kan gicciye sun tabbatar. Amma sau da yawa a nan ake tsayawa, a rufe kabari ba a ce uffan a kan gawar da aka sa ciki ba, wato an koma Korinti. Bulus ya ta'azantar da Tasalonikawa ne da cewa matattu cikin Almasihu za su tashi (1 Tasalonikawa 4:13-18), kuma shaidar bangaskiyar da aka kammala a 381, wadda ikilisiyoyi da yawa ke karantawa har yau, ta rufe da sauraron tashin matattu da rayuwar zamani mai zuwa. Wani kuskuren shi ne hana mai makoki kuka, a ce wa gwauruwa ta yi shiru kada ta nuna rashin bangaskiya. Ayar Tasalonikawan ba ta hana baƙin ciki ba, irin na marasa bege ta hana. Yesu ya yi hawaye a kabarin Li'azaru yana sane da abin da zai yi, masu ibada kuma sun yi wa Istifanas makoki mai zafi (Ayyukan Manzanni 8:2). Bulus bai kira mutuwa aboki ba, maƙiyi na ƙarshe ya kira ta. A ganina kuma, ajiye gawa wata da watanni ana tara kuɗin akwati da abinci har iyali su ci bashi, al'ada ce kawai, ba ta ƙara wa mamaci komai a ranar tashi.

Akwai tambayar da ta fi wannan ciwo, kuma iyalai da dama a Borno da Adamawa da Filato da kudancin Kaduna suna ɗauke da ita: wanda ba a ga gawarsa ba fa, ko wanda ya ƙone? Tsohuwar tambaya ce. A shekara ta 177 a birnin Liyon na ƙasar Faransa ta yau, an ƙone gawawwakin Kiristocin da aka kashe, aka zuba tokar a kogi da gangan don a ga ko za su tashi. Amsar ikilisiya ba ta canza ba: tashi aikin Mahalicci ne, bai dogara ga yadda aka adana gawa ba, Ru'ya ta Yohanna 20:13 ma ta ce teku zai ba da matattun da ke cikinsa. A nan ne kuma zancen ramuwa ya shigo. Bulus ya ce tashin Yesu shi ne tabbacin cewa Allah ya sa ranar shari'a (Ayyukan Manzanni 17:31). Wanda ya gaskata haka zai nemi hakkinsa a gaban hukuma iyakar ƙarfinsa, amma ba zai ɗauki doka a hannunsa ba, domin ya san babu fayil ɗin da zai ɓace a waccan kotu.

Sauran abubuwan a gurguje. Taron Lahadi kansa shaidar tashin ne, Yahudawa masu kiyaye Asabar suka koma taruwa a ranar farko ta mako (Ayyukan Manzanni 20:7), tun tana ranar aiki, domin sai a 321 sarki Kustantin ya mai da ita ranar hutu. Baftisma binnewa ce da tashi tare da Almasihu (Romawa 6:4), don haka mai shirin baftisma ya san sabuwar tafiya ake kiransa. Da tashin jiki Bulus ya tsawata wa masu fasikanci a 1 Korintiyawa 6:13-14. Sura 15 ta ƙare da cewa wahalarku cikin Ubangiji ba banza ba ce, maganar da ke biye kuma ita ce tara gudummawa don matalautan Urushalima kowace ranar farko ta mako. Rabon surori sai a ƙarni na 13 aka yi shi, a wasiƙar Bulus babu shinge tsakanin biyun. Abin da zan ce ka kiyaye shi ne wa'azin da ke mai da Ista ta zama tashin kasuwa da tashin jari. Bulus ya nemi sanin ikon tashinsa tare da tarayya cikin shan wuyarsa a numfashi ɗaya (Filibiyawa 3:10), yana kuma ɗaure sa'ad da ya rubuta.

Wajen koyarwa, Lahadi huɗu za su ishe ka. Ka fara da 1 Korintiyawa 15:1-19, su haddace aya 3 zuwa 8, su kuma rubuta da kansu abin da zai rushe in bai tashi ba. Ta biyu ka raba su rukuni huɗu, kowane ya ɗauki ƙarshen Bishara ɗaya, su cika allo: mata nawa, mala'iku nawa, wa ya fara ganinsa, a ina. Za su ga Matiyu ya ambaci mata biyu, Markus uku, Luka uku da waɗansu, Yohanna Maryamu kaɗai ko da yake ta ce "ba mu san inda aka sa shi ba". Matiyu da Markus sun ambaci mai ba da saƙo ɗaya, Luka da Yohanna biyu. Gara su gani a gabanka da su fara ji a bakin mai gardama a intanet. Ka tambaye su abin da alƙali zai ce in shaidu huɗu suka zo da kalmomi iri ɗaya sak, sa'an nan su ja layi a ƙarƙashin abin da duka huɗun suka haɗu a kai. A ranar ka gaya musu cewa Markus 16:9-20 ba ya cikin manyan tsofaffin kwafi biyu na ƙarni na 4, shi ya sa wasu bugun ke sa masa alama, kuma ko a aya 6 an riga an sanar cewa ya tashi. Ta uku ka kawo dawar nan ku bi 1 Korintiyawa 15:20-58. Ta huɗu ku karanta Yohanna 21, inda Bitrus da ya yi musu sau uku a bakin wutar gawayi aka tambaye shi sau uku a bakin wata wutar gawayin, ka ba yaron da ya kawo tambayar dama ya amsa ta da bakinsa a gaban ajin.